Ƙuri'ar Depite Amanar Talaka Ce: Darasi Daga Tafiyar Sanusi Tambari Jaku

Jawabi ga jama'ar gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji





Tambayar da wannan jawabi ya ɗauko gajeruwa ce: da me ake auna ɗan majalisa? A karkara an saba auna shi da buhun shinkafar da ya aiko ranar suna, da motar da ya bayar aka kai maras lafiya asibitin Maraɗi, da zuwansa gaisuwar mutuwa. Waɗannan halaye ne na kirki, kuma ba mai raina su. Sai dai kowane attajiri mai zuciya yana iya yin su. Abin da depite yake riƙe da shi, wanda attajiri ba shi da shi, sarki ba shi da shi, farefe ma ba shi da shi, abu ɗaya ne tak: ƙuri'a a zauren majalisar dokoki ta Yamai. A lokacin da majalisar take zama, da ita ake ɗora haraji, da ita ake raba kasafin kuɗin ƙasa, da ita ake tsayar da gwamnati ko a kayar da ita. Saboda haka duk mai son sanin depitensa, sai ya nemi inda ƙuri'ar nan ta faɗa a ranakun da ƙasa ta tsaya a mararraba.

Domin kada magana ta tsaya a iska, za a ɗauki tafiyar mutum ɗaya a bi ta daki-daki, wato marigayi Sanusi Tambari Jaku. Dalilin zaɓensa uku ne. Ɗan jihar Maraɗi ne, kuma a mazaɓar Maraɗi aka zaɓe shi, mazaɓar da Agye da Gazawa da Gidan Runji suke cikinta, ke nan ƙuri'un ƙauyukan nan suna cikin abin da ya kai shi Yamai. Na biyu, tafiyarsa ta ƙare, tun da ya riga mu gidan gaskiya a watan Yulin 2022, ana iya duba ta daga farko har ƙarshe ba tare da zafin yaƙin zaɓe ba. Na uku, kusan babu wata babbar girgiza da ta sami majalisar Nijar tsakanin 1993 da 2010 wadda ba ta same shi a tsakiyar fage ba.

Daga kaso zuwa zauren majalisa

An haifi Sanusi Tambari Jaku a Kornaka, ƙasar Dakwaro, a shekarar 1940. Ya yi karatun tattalin arziki mai zurfi a lokacin da masu irin wannan ilimi ƴan ƙalilan ne a ƙasar nan. A watan Maris na 1976, bayan yunƙurin juyin mulkin da aka yi wa Seyni Kunce, aka kama shi bisa zargin yana da hannu, kuma bai sake shaƙar iskar ƴanci ba sai a watan Nuwamba na 1987, bayan rasuwar Kunce, lokacin da Ali Saibu ya buɗe ƙofofin kaso. Shekara 11 ke nan, shekarun da mutum yake kan ganiyar ƙarfinsa. Wajibi ne a riƙe wannan a zuci kafin a yanke masa kowane hukunci, domin wanda bai sha ɗacin nan ba, da sauƙi yake ba da fatawa a kan jarumta.

Da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa, yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar CDS-Rahama a 1991, ya kuma zama mataimakin shugabanta, Mahaman Usman. A shekarar nan aka yi babban taron ƙasa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, sannan a ranar 26 ga Disamba 1992 jama'a suka amince da kundin tsarin mulkin jamhuriya ta uku. Kundin nan ya raba iko gida biyu: shugaban ƙasa da jama'a suka zaɓa kai tsaye, da faraminista wanda ba ya zama a kujera sai da yardar mafi rinjayen depitoci. Wannan rabo shi ya mai da ƙuri'ar kowane ɗan majalisa abu mai tsada ƙwarai.

Lissafin kujeru 83

A zaɓen 14 ga Fabrairu 1993 an raba kujeru 83. MNSD-Nasara ta sami 29, CDS-Rahama 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP-Zaman Lahiya 11, ƙananan jam'iyyu suka raba sauran 8. Nasara ta fi kowa, amma ba ta kai 42 da ake bukata ba. Sai Rahama da Tarayya da Zaman Lahiya da wasu ƙananan jam'iyyu suka ƙulla ƙawancen AFC, suka tara kujeru 50. Aka yi rabo irin na ƴan'uwa: Mahaman Usman ya ci zaɓen shugaban ƙasa a ƙarshen Maris, Mahamadu Isufu ya zama faraminista, Mumuni Adamu Zarmakwai ya zama shugaban majalisa. Jaku, sabon depiten Maraɗi, ya zama ɗaya daga cikin mataimakan shugaban majalisa. Ya yi suna da kaifin baki da sanin tarihi, in ya miƙe yin magana abokin gaba ma yakan saurara.

Lokacin ba mai sauƙi ba ne. A ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Jiha irin Maraɗi, wadda numfashinta yake haɗe da kasuwannin Jibiya da Katsina da Kano, ta ji girgizar nan tun daga babban ɗan kasuwa har mai tallan ƙuli-ƙuli. Ma'aikata suna bin bashin albashi, makarantu suna yawan rufewa saboda yajin aiki. A cikin wannan hali ƙawancen ya tsage. A watan Satumba na 1994 shugaban ƙasa ya sa hannu a wata doka da ta rage ikon faraminista, Isufu ya yi murabus ranar 28 ga watan, Tarayya ta fice daga AFC ta haɗa kai da Nasara.

A nan lissafi kawai ya isa ya ba da labari. Ƙawance mai kujeru 50 ya rasa 13, ya koma 37. Adawa mai kujeru 33 ta ƙaru da 13, ta zama 46. Ba wani talaka a Caduwa ko Gangara ko Tsibiri da aka tambaya, ba a sake jefa ƙuri'a ko ɗaya a akwati ba, amma rinjaye ya tashi daga wannan hannu ya koma wancan. Shugaban ƙasa ya naɗa Sule Abdullahi na Rahama faraminista. Bai cika sati uku a kujera ba, ranar 16 ga Oktoba 1994, majalisa ta kayar da gwamnatinsa da ƙuri'ar yanke ƙauna. Jaku yana ɓangaren da aka kayar. Kashegari Mahaman Usman ya rushe majalisa. Wakilcin da jama'a suka bayar na shekara 5 bai cika wata 21 ba.

43 da 40

Aka sake kiran talakawa rumfunan zaɓe ranar 12 ga Janairu 1995, ƙasa tana fama da talauci, aka kashe kuɗin da aka kashe. Sakamako ya fito: Nasara da Tarayya da abokansu kujeru 43, Rahama da Zaman Lahiya da abokansu kujeru 40. Masu rinjaye suka ce Hama Amadu suke so. Shugaban ƙasa ya ƙi, ya naɗa Amadu Sise ranar 7 ga Fabrairu, wanda shi ma ɗan Nasara ne, amma ba da yardar jam'iyyarsa ba. Nasara ta kore shi, kuma ranar 20 ga Fabrairu majalisa ta kayar da shi da ƙuri'a 43, masu goyon bayansa 40.

A dubi waɗannan alƙaluma da kyau. Yawan ƙuri'un ya yi daidai da yawan kujerun kowane ɓangare, ba ragi ba ƙari. Ma'anarsa, a ranar nan kowane depite ya bi inda shugabannin jam'iyyarsa suka nuna masa. Ɓangaren Rahama, inda Jaku yake na biyu a jam'iyya, ya tsaya bayan Sise har ƙarshe. Masu son ladabin jam'iyya za su ce haka ya kamata. Amma mai tunani zai yi tambaya: in dai ana iya sanin sakamakon ƙuri'a tun kafin a buɗe zaure, ta hanyar ƙirga kujeru kawai, to ina amfanin muhawarar da aka kwana ana yi, kuma a ina muryar gundumar da ta aiko depite take shiga?

Abin da ya biyo baya sananne ne. Hama Amadu ya zama faraminista, Isufu ya zama shugaban majalisa, aka shiga zaman ƴan marina, kowa da inda ya sa gabansa. Shugaban ƙasa da faraminista suka yi ta ja-in-ja a kan naɗe-naɗen muƙamai, har taron ministoci ya riƙa gagara. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kawar da su gaba ɗaya. Faɗan da depitoci suka kasa rabawa da ƙuri'a, soja ya raba shi da bindiga.

Ƙetare hanya

A nan tafiyar Jaku ta yi kwana mai kaifi. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranakun 7 da 8 ga Yuli 1996, aka rushe hukumar zaɓe mai zaman kanta ana tsakiyar ƙirga, aka ce Ba'are ya ci tun zagayen farko. Manyan jam'iyyun da jiya suke gaba da juna, Nasara da Rahama da Tarayya, suka haɗu suka ƙaurace wa zaɓen majalisa na watan Nuwamba. Jaku bai bi su har ƙarshen wannan hanya ba. Ya raba gari da Rahama, aka kore shi daga jam'iyyar da ya taya kafawa, ya kafa tasa, PNA-Al'umma, a farkon 1997, ya kuma riƙe muƙamin ministan ƙasa mai kula da ilimi mai zurfi a ƙarƙashin Ba'are. Faraministan gwamnatin nan kuwa Amadu Sise ne, mutumin da ƙuri'a 43 suka kayar a 1995. A ƙarshen 1997 aka rushe gwamnatin, Jaku ya fita. Daga nan ya zauna wajen majalisa har 2004, yana faɗin ra'ayinsa ta jaridarsa ta mako-mako, La Roue de l'Histoire.

Shekarar yunwa da ranar 31 ga Mayu

A zaɓen Disamba 2004, a zamanin Tanja Mamadu, an ƙara kujerun majalisa zuwa 113. Nasara ta sami 47, Tarayya da abokanta 25, Rahama 22, RSD-Gaskiya 7, RDP-Jama'a 6, Zaman Lahiya 5, PSDN-Alheri 1. Jaku ya dawo daga mazaɓar Maraɗi bisa jerin haɗin gwiwa da Tarayya, shi kaɗai daga jam'iyyarsa, ya zauna a layin adawa tare da Isufu, mutumin da ficewarsa ta kayar da gwamnatin Rahama shekara 10 baya.

Wannan majalisa ta ba da misali mafi bayyana na yadda ƙuri'ar Yamai take shiga tukunyar ƙauye. A farkon 2005 dokar kasafin kuɗi ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su madara, garin alkama, sukari, ruwan famfo da lantarki. Wannan kuwa ya zo ne bayan daminar 2004, wadda fari da ɗango suka lalata. A watannin Maris da Afrilu ƙungiyoyin farar hula masu yaƙi da tsadar rayuwa suka kira zanga-zanga da ranakun rufe gari, kasuwannin Yamai da Maraɗi da Damagaram suka mutu murus, har gwamnati ta janye mafi yawan harajin. Kafin damina ta kankama yunwa ta bayyana, kuma jihar Maraɗi, rumbun ƙasa, ita ce ta fi cika cibiyoyin jinyar yara masu tamowa. Duk wanda ya manyanta a gundumomin nan uku yana tuna shekarar. To amma a cikin masu tuna ta, mutum nawa ne zai iya faɗin sunayen depitocin Maraɗi da suka ɗaga hannu aka ɗora harajin nan, da waɗanda suka ƙi? Wannan ita ce tambayar da ya kamata ta hana kowa barci.

Ranar da sunan Jaku ya fito sarari ita ce 26 ga Mayu 2007, lokacin da shi da wasu depitoci, su 14, suka shigar da takardar yanke ƙauna ga gwamnatin Hama Amadu. Tushen maganar shi ne badaƙalar kuɗin ilimin firamare, wadda aka fi sani da MEBA, kuɗin da aka ware domin azuzuwa da littattafan yara suka bi wata hanya. Ranar 31 ga Mayu aka jefa ƙuri'a, 62 daga cikin 113 suka amince, gwamnati ta faɗi, Seyni Umaru ya gaje shi. A sake yin lissafi. Adawa kujeru 25 gare ta. Ko da dukansu sun amince, sai an sami aƙalla 37 daga cikin masu mara wa gwamnati baya kafin a kai 62. Wannan karon ƙirgar kujeru ba ta isa ta faɗi sakamako ba, an sami depitoci da suka ƙetare layi. Ko saboda kishin yaran talakawa suka yi haka, ko saboda lissafin zaɓen 2009 da yake tafe, wannan sai an bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a sani. Su 14 da suka sa hannu kuwa ba su bar wa kowa shakka ba, domin sun rubuta sunayensu da rana tsaka. Kuma kada a ɗauki maganar kuɗin lakkol ƙaramar magana: a watan Nuwamba na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a birnin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu.

Tazarce

Babi na ƙarshe shi ne mafi nauyi. A 2009 Tanja ya nemi sabon kundin tsarin mulki da zai ba shi ƙarin shekara 3. Ranar 26 ga Mayu ya rushe majalisar da Jaku yake ciki, a ƙarshen Yuni ya rushe kotun tsarin mulki da ta ce masa a'a, ranar 4 ga Agusta aka yi zaɓen raba gardama. Tarayya da Rahama da Zaman Lahiya suka ƙaurace wa zaɓen majalisa na 20 ga Oktoba, ƙungiyar CEDEAO ta dakatar da Nijar. PNA-Al'umma ta shiga zaɓen, ta sami kujera ɗaya. Da sabuwar majalisa ta buɗe a watan Nuwamba, Jaku ne ya jagoranci zaman farko a matsayin wanda ya fi kowa shekaru, har aka zaɓi Seyni Umaru shugaban majalisa, wato mutumin da ƙuri'ar 2007 ta buɗe wa ƙofar ofishin faraminista. Majalisar nan wata uku kawai ta yi. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 soja ƙarƙashin Salu Jibo suka rufe ta. Bayan zaɓen 2011 Jaku ya zama mai ba Shugaba Isufu shawara.

Yaya za a karanta wannan tafiya? Mai kare shi zai ce: ga mutumin da kaso bai karya ba, wanda ya yi imani cewa kujerar da aka bari fanko ba ta kare kowa, ya fi son a faɗi magana a cikin zaure da a yi ihu a bayan katanga, kuma bai taɓa ɓoye matsayinsa ba. Mai sukarsa zai ce: sau biyu, a 1996 da 2009, lokacin da aka taka ƙa'idar da dimokuraɗiyya take tsaye a kanta, an same shi a ɓangaren mai iko, kuma kasancewar mutum irinsa a wurin ta ba abin kwarjinin da bai cancanta ba. Kowace fassara tana da abin kamawa, kuma kowa yana da ƴancin ɗaukar wadda hankalinsa ya kwanta da ita. Abin lura shi ne, ana iya yin wannan gardama a kan Jaku saboda ya bar sawu. Ɗaruruwan depitoci sun shiga zauren nan sun fita tun 1993, da yawa daga cikinsu ba wanda zai iya yabonsu ko zarginsu da hujja, domin ba a san inda ƙuri'arsu ta faɗa ba.

Abin da ya rufe littafin

Abu biyu ne suka jawo haka. Na farko tsarin zaɓe. A Nijar, kafin juyin mulkin 2023, jiha ɗungurungum ita ce mazaɓa, in ban da mazaɓu 8 na musamman da aka keɓe wa ƙananan al'ummomi, irin Bermo a jihar Maraɗi. A wancan lokaci mai zaɓe a Saye Sabuwa ko Gidan Sori jam'iyya yake zaɓa, jam'iyya ce take tsara jerin sunaye, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu. Tsarin yana da amfani, domin shi ya ba ƙaramar jam'iyya irin ta Jaku damar samun murya. Amma illarsa ita ce depite ya fi tsoron wanda ya rubuta sunansa a jeri bisa wanda ya jefa ƙuri'a. Kundin 2010 ma ya tanadi cewa depiten da ya yi murabus daga jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa. An yi haka domin hana yawon siyasa, amma ya ƙara ɗaure depite a gindin jam'iyya.

Na biyu, yadda labarin ƙuri'a yake isowa ga jama'a. Abin da radiyo da jaridu suka saba kawowa jimla ce: masu amincewa kaza, masu ƙi kaza, masu ƙauracewa kaza. Jimla ba ta da fuska, ba a iya tare ta a kasuwar Gazawa a tambaye ta dalili.

Wasu ƙasashe sun daɗe da magance wannan. A majalisar wakilai ta Ingila, in aka zo ƙuri'a mai muhimmanci, ƴan majalisa sukan tashi su bi ta ɗaya daga cikin zaure biyu, na masu amincewa ko na masu ƙi, a rubuta sunan kowa, a buga a littafin muhawarar majalisa da ake kira Hansard. Ranar 28 ga Maris 1979 gwamnatin James Callaghan ta faɗi da ƙuri'a 311 a kan 310, ratar ƙuri'a ɗaya, abin da ya buɗe wa Margaret Thatcher hanya. Har yau duk mai so yana iya buɗe littafin ya ga sunan kowane ɗaya daga cikinsu da ɓangaren da ya bi. A Faransa ma, wadda daga wurinta aka kwaikwayo tsarin jamhuriya ta uku, ana buga sunayen waɗanda suka amince da takardar yanke ƙauna a jaridar hukuma. An ɗauko rigar, an bar aljihun da ake ajiye shaida.

Akwai masu cewa sirri yana kare depite daga barazanar shugaban jam'iyya da ta mai mulki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma labulen da yake kare mai gaskiya shi ne kuma yake kare mai sayar da ƙuri'arsa da dare. Talaka ya cancanci sirri a rumfar zaɓe domin ƙuri'ar tasa ce, kuma shi mai rauni ne. Ƙuri'ar depite ajiya ce, ta dubban mutane ce, kuma an ba shi rigar kariya daga kamu domin ya iya jefa ta a fili ba tsoro. Wanda aka ba ajiya ba ya ce wa mai kaya asiri ne.

Abin da ya kamata a nema

Daga 1993 zuwa 2020 an zaɓi majalisa sau 9 a ƙasar nan. Uku kawai suka cika wa'adinsu: ta 1999, ta 2011 da ta 2016. Biyu shugaban ƙasa ya rushe su, a 1994 da 2009. Huɗu soja suka rufe su, a 1996, 1999, 2010 da kuma 26 ga Yuli 2023. A watan Maris na 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa su ma. Dalilan waɗannan faɗuwa suna da yawa, amma ɗaya daga cikinsu a bayyane yake: majalisar da jama'a ba su san abin da wakilansu suke yi a cikinta ba, ranar da aka rufe ta ba su jin an ƙwace musu wani abu nasu.

Duk ranar da aka zauna sake rubuta ƙa'idodin wakilci, akwai bukatu huɗu da mutanen gundumomin nan ya kamata su kai gaba. Na ɗaya, a wajabta ƙuri'a da suna a kan kasafin kuɗi, da haraji, da yanke ƙauna ga gwamnati, da gyaran kundin tsarin mulki, da cire wa depite rigar kariya. Na biyu, a karanta sunayen nan da Hausa da sauran harsunan ƙasa a gidajen radiyon karkara cikin satin da aka jefa ƙuri'ar, tare da sunayen waɗanda ba su halarci zama ba. Na uku, a wajabta wa depitocin jiha zaman bayani a bainar jama'a a hedikwatar kowace gunduma bayan kowane zaman majalisa, su zo Agye, su zo Gazawa, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, su zo Gidan Runji, su amsa tambayar manomin aya da wake a kan taki da hanya da ƙarancin gona, da ta mutanen bakin iyaka da suka karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019. Na huɗu ba ya jiran doka: malaman lakkol, ƴan jarida, ƙungiyoyin manoma da na mata su buɗe littafi nasu, su riƙa rubuta ranar ƙuri'a da batunta da matsayin kowane wakili, domin alƙawarin ɗan takara iska take ɗauke shi, rubutu kuwa yana jiran zaɓe mai zuwa.

Sanusi Tambari Jaku ya tafi da abin da ya aikata, hisabinsa yana wurin Ubangijinsa, Allah ya jiƙansa ya gafarta masa. Waɗanda za su nemi kujerar da ya zauna a kai suna nan tafe, da motoci da makaɗa da buhunan shinkafa. In sun zo, a karɓe su da mutunci kamar yadda aka gada, a ba su ruwa su sha, sannan a tambaye su ko sun yarda a rubuta sunansu a gefen kowace ƙuri'a da za su jefa. Amsar da suka bayar ta isa a san irin ajiyar da za a iya ba su.

Allah ya zaunar da ƙasar Nijar lafiya, ya ba da damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.